Goyo da Nono: Haƙƙin Jariri a Jikin Mahaifiyarsa

Matanin laccar da aka gabatar a zaman karatun wata-wata na garin Pauwa, wanda ya haɗa 'yan'uwa maza da mata daga yankunan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya tanadar wa jariri abincinsa a ƙirjin mahaifiyarsa tun bai san yadda ake roƙo ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya malamaina, iyayena maza da mata, da sauran 'yan'uwa masu sauraro. Na san akwai wanda ya ji taken laccar nan ya ce a ransa, wannan ai zancen mata ne, me ya kawo shi zauren karatu? To, ina roƙon mai wannan tunani ya yi mini haƙuri har in kai aya. Allah (SWT) da kanSa Ya yi maganar shayarwa a cikin Suratul Baƙara aya ta 233, da Suratu Luƙman aya ta 14, da Suratul Ahƙafi aya ta 15, da Suratuɗ Ɗalaƙi aya ta 6. Kuma a ayar Baƙara, bayan Ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, sai Ya juya kan uba, Ya ɗora masa ci da tufatar da mai shayarwa, sa'an nan Ya sanya yaye kafin cikar wa'adin ya zama da yarda da shawarar su biyun. Abin da Alƙur'ani ya saka namiji a cikinsa, ba ya halatta namiji ya ce babu ruwansa.

Maganata a yau ɗaya ce, ita ce nono yana bin kusanci. Gwargwadon yadda jariri yake manne da jikin uwarsa, gwargwadon yadda ruwan nono yake zuwa kuma yake ɗorewa. Duk abin da ya shiga tsakanin fatar uwa da fatar ɗanta a farkon rayuwarsa, ko da sunan al'ada ya zo, ko da sunan kunya, ko da sunan wayewa, to abincin yaron yake ragewa.

Bari in fara da wani hadisi da ɗalibai suka saba ji a babin rahamar Allah, amma ba a cika lura da wata kalma a cikinsa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sayyidina Umar (RA) cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) wasu fursunonin yaƙi, a cikinsu akwai wata mace tana ta kai da komowa tana nema, da ta sami jariri sai ta ɗauke shi ta manna shi a cikinta, ta shayar da shi. Da wannan mace Manzon Allah (SAW) ya buga wa sahabbai misalin cewa Allah Ya fi tausayin bayinSa fiye da tausayinta ga ɗanta. Ku duba jerin aikin da mai ruwaya ya kawo. Ta ɗauka, ta manna, sa'an nan ta shayar. Mace ce a cikin firgici, an rabo ta da gidanta, ba wanda ya koya mata komai, amma fiɗirar da Allah Ya halicce ta a kai ta san mannawa ce take gaba da shayarwa.

Ilimin likitanci ya zo ya bayyana mana yadda abin yake gudana a cikin jiki. Akwai sinadarai biyu da suke aikin nono. Na farko sunansa furolaktin, shi ne yake sa jiki ya haɗa ruwan nonon, kuma tsotson yaro ne yake tayar da shi, ya fi yawa kuma da dare. Na biyu sunansa oksitosin, shi ne yake matso nonon ya fito. Wannan na biyun ba tsotso kaɗai yake tayar da shi ba, har da ɗumin jikin yaro a fatar uwa, da ƙanshinsa, da jin kukansa. Iyayenmu mata da ke bayan labule sun fi ni sanin wannan, domin sau nawa mace take jin nononta ya tsatso don kawai ta ji motsin ɗanta? Tsoro da zafin ciwo da ɓacin rai kuwa suna danne oksitosin na ɗan lokaci. Sa'an nan ƙa'idar nono ita ce, idan aka tsotse sai jiki ya ƙara, idan aka bar shi cike sai jiki ya ɗauka ba a bukata ya rage. Kamar rijiya ne, wadda ake jan ruwanta ita ce take ɓuɓɓugowa.

A nan ne goyo yake shigowa. Jariri ba ya fara neman nono da kuka. Yana fara motsi ne, ya juya kai yana buɗe baki, ya kai hannu baki yana tsotsa. Kuka shi ne ƙarshen roƙonsa, kuma yaron da ya riga ya gaji da kuka ba ya kama nono da kyau. Uwar da ɗanta yake ɗaure a bayanta da zane da majanyi tana jin wannan motsi tun farkonsa, ko tana daka, ko tana shara, sai ta sauko da shi ta ba shi. Wadda ta kwantar da shi a ɗaki tana can bayan gida tana wanki, sai ya tsage da kuka za ta sani. Jariri sabon haihuwa yana bukatar nono sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare. Ku lissafa sau nawa za a tsallake idan yana nesa.

Turawa da suka bar wannan ɗabi'a suka koma tura 'ya'yansu a keke, su ne suka dawo suna bincike a kanta. A shekarar 1986 wasu likitoci biyu, Hunziker da Barr, a birnin Montreal na ƙasar Kanada, sun gwada ƙara wa jarirai lokacin ɗauka a jiki, sai suka ga waɗanda aka ƙara wa ɗauka kukansu ya ragu da kashi 43 cikin ɗari a lokacin da suke da mako shida. Yanzu a kantunansu ana sayar da majanyin zamani da tsada. Mu kuwa mun gada kyauta. Ina faɗar wannan ne domin wasu 'yan mata da suka yi karatu suna ganin goyo ƙauyanci ne, sun fi son a gan su da bulumboti da madarar gwangwani. Ƙanwata, wadda kike kwaikwayo ita ma kakarki take kwaikwayo.

To idan haka ne, mai tambaya zai ce, tun da mu ma'abota goyo ne, ai ba mu da matsala. Lalle da haka ne da mun ji daɗi. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida suke shan nono zalla. Kuma a jiharmu ta Katsina, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta sanadiyyar tamowa a watanni shida na farkon 2025. Talauci da rashin tsaro suna da babban kaso a wannan, ba na musu. Amma akwai kason da yake hannunmu, a cikin ɗakunanmu, wanda ba ya bukatar gwamnati ko sisin kwabo.

Matsalarmu ita ce muna goyo, amma muna fara shi a makare, bayan mun raba yaro da uwarsa a lokacin da ya fi bukatarta. Ku dubi abin da yake faruwa a yawancin gidajenmu ranar haihuwa. Yaro ya faɗo, ungozoma ta yanke cibi, sai a ɗauke shi a yi masa wanka, a shafe shi, a naɗe, a miƙa wa kaka, kaka ta miƙa wa gwaggo, maƙwabta su shigo barka kowa ya karɓa. Ita kuwa mai jego an wuce da ita wajen ruwan zafi. Sai a yini yaro bai taɓa fatar uwarsa ba. Alhali kuwa sa'ar farko bayan haihuwa ita ce lokacin da jariri yake a farke sarai, idanunsa a buɗe, kuma idan aka tsane shi aka kwantar da shi a kan ƙirjin uwarsa fata da fata, aka lulluɓe su tare, da kansa yakan lallaɓa ya nemi nono ya kama. Ɗumin jikinta yana tsare shi daga sanyi, abin da yake kashe jarirai da yawa a lokacin hunturu ba tare da an gane ba. Tsotsonsa kuma yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa a sa yaro a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa, a kuma jinkirta wankansa har sai ya yi sa'a 24. Babu aya ko hadisin da ya wajabta a yi wa jariri wanka nan take, balle a ce an saɓa wa addini.

Sai batun dakashi, wato nonon farko mai kauri mai launin rawaya. A wasu gidaje har yau ana cewa ƙazanta ne ko dafi, sai a matse a zubar, a ce sai an wanke nono kwana uku ko huɗu. Wasu har gwaji suke yi, a tatsa a ƙoƙo a jefa tururuwa, in ta mutu a ce nonon mugu ne. Ina tambayar malaman da ke zaune a nan, a wane littafi aka samo wannan? A cikin kwanakin nan da ake jira, ana ɗura wa yaro ruwan ɗumi da madarar shanu ko ta akuya da rubutu da jiƙe-jiƙe. Cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu a lokaci guda ba, kuma dakashin da ake rainawa daidai wannan awon Allah Ya yi shi, cike da garkuwar da take kare hanjinsa daga gudawa. An cika masa ciki da ruwa, ya ƙi tsotsa, nono bai sami mai kiransa ba, sai a ce ai ga shi nan, ba ta da nono. Mu muka rufe rijiyar, sa'an nan muka zauna muna kukan ƙishirwa.

Kada wani ya kawo mini hujja da tahniki. Gaskiya ne ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya tauna dabino ya shafa a dasashin Abdullahi ɗan Zubairu da Abdullahi ɗan Abu Ɗalha, Allah Ya yarda da su. Amma shafawa ce ta ɗan abin da bai kai a kira shi ci ba, sau ɗaya, kuma ba a hana yaro nonon uwarsa saboda ita ba. Ina wannan, ina ɗura ruwa da cokali kwana uku? Zuma kuwa, duk da falalarta, likitoci sun hana a ba yaron da bai kai shekara ɗaya ba, domin takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙar ta ba tukuna. Haka ruwa: kusan kashi 88 cikin ɗari na nono ruwa ne, saboda haka ko a zafin bazara yaron da bai kai wata shida ba nono yake bukata a ƙara masa, uwar kuma a ƙara mata ruwan sha.

Yanzu na zo wurin da na san zan taɓa iyayena, kuma ina neman afuwarsu tun kafin in faɗa. Batun kunyar ɗan fari ne. Ni kaina ɗan fari ne, kuma har na girma ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba, Allah Ya saka mata da alheri. Rashin kiran suna bai cutar da ni ba. Amma kunyar tana da wani ɓangare da yake cutarwa. Yarinya ta haihu haihuwar fari, ta je wankan gida, ɗaki cike da mutane, yaro yana neman nono, ita kuwa ta kau da kai kamar ba ta gan shi ba, domin kada a ce ba ta da kunya. Ba za ta ɗauke shi ba sai an ce ta ɗauka, ba za ta goya shi ba sai dai ƙanwarta ta goya, in ta ba shi nono sai a ɓoye, a gurguje, tana ɗari-ɗari. Ga ta ita ce mafi ƙarancin sani a kan shayarwa, ga shi ita aka fi nesantawa da ɗanta. Kunya tana cikin imani, babu shakka, amma kunyar da shari'a ta yaba ita ce wadda take hana mutum aikata mummuna. Wadda take hana mai haƙƙi haƙƙinsa rauni ce, ko da mutane sun sa mata suna mai daɗi. Manzon Allah (SAW), wanda ya fi budurwa a ɗakinta kunya, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, kuma da Aƙra'u ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, bai yaba masa ba, sai ma ya gargaɗe shi a kan rashin jin ƙai. Kuma Abu Ƙatada (RA) ya ruwaito cewa ya ga Annabi (SAW) yana salla ɗauke da jikarsa Umamatu 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Wannan gyara ba a hannun yarinyar yake ba, domin ita tsoron bakinku take ji. A hannunku yake, ku iyaye da surukai. Ke ce za ki ce mata, ɗauki ɗanki ki rungume, ba wanda zai yi miki dariya a gidan nan.

Akwai kuma jaririn da goyon baya bai dace da shi ba, shi ne bakwaini, da duk wanda aka haifa bai kai kilo biyu da rabi ba. Malamai tun zamanin sahabbai sun fitar da cewa mafi ƙarancin ciki wata shida ne, ta hanyar cire wata 24 na shayarwa daga wata 30 da Suratul Ahƙafi ta ambata, saboda haka bakwaini ba baƙo ba ne a fiƙihunmu. Abin da muka saba ji shi ne sai an sa shi a kwalba. To ina kwalbar take ga matar da ta haihu cikin dare a ƙauyen Faskari ko Sabuwa, hanya ba ta biyuwa? A shekarar 1978, a wani asibitin haihuwa na birnin Bogota a ƙasar Kolombiya, wani likita mai suna Edgar Rey ya ga kwalabe sun yi kaɗan, ana cusa jarirai fiye da ɗaya a kwalba guda suna ɗaukar cuta. Sai ya koma ɗaure jaririn a ƙirjin uwarsa, tsakanin nonuwanta, fata da fata, a tsaye, kansa a juye gefe, ba komai a jikinsa sai ƙyallen tsuguno da hula da safa, a ɗaure da zane, dare da rana. Suka sa wa abin suna renon kangaru, saboda wata dabba ta ƙasar Ostareliya mai ɗaukar ɗanta a aljihun cikinta. A shekarar 2021 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a ƙasashe biyar, Gana da Indiya da Malawi da Nijeriya da Tanzaniya, namu a asibitin koyarwa na Ile-Ife aka yi shi. An ga jariran da nauyinsu yake tsakanin kilo 1 da 1.8, idan aka fara manna su a ƙirjin uwa nan take ba tare da jiran su murmure ba, mutuwarsu a watan farko ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da wannan shawararta ga dukkan bakwaini, aƙalla sa'a takwas a rana, in an fi haka ya fi. Idan uwa ta gaji ko za ta yi wanka, uba ya buɗe rigarsa ya karɓa. Wannan ba ya ɗauke zuwa asibiti. Bakwaini a kai shi Ƙanƙara ko Funtuwa ko Malumfashi, amma a kai shi a ƙirjin uwarsa, kada a naɗe shi a tsumma a riƙe a hannu iska tana dukansa a kan babur. In bai iya tsotsa ba, a tatsa a ba shi da ɗan ƙaramin kofi mai tsabta.

Wanda yake jin ƙyashin karɓar darasi daga Bogota, ya tuna hadisin Judamatu 'yar Wahbu a cikin Sahihu Muslim da Muwaɗɗa. Manzon Allah (SAW) ya yi niyyar hana gila, wadda Imamu Malik ya fassara da saduwa da mace mai shayarwa, wasu kuma suka fassara da shayarwar mai ciki, sai ya duba ya ga Rumawa da Farisawa suna yi kuma ba ya cutar da 'ya'yansu, sai ya fasa hanawa. A cikin wannan akwai darasi biyu. Na farko, a lamarin lafiya ana duba abin da aka jarraba ko a wajen wa yake. Na biyu, al'adarmu ta fizge yaro daga nono rana ɗaya don an ga uwarsa ta sami ciki, a kai shi wajen kaka a wani gari, a ce kada ya sha ciki, ba ta da madogara. An raba shi da nono, an raba shi da bayan da ya saba kwana a kai, duk a yini guda, sa'an nan a yi mamaki don ya rame.

Ba zan bar maganar halin da muke ciki ba. Tun kafin ɗauke ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da kuma bayansa, kun san yawan matan da suka baro ƙauyukansu da goyo a baya, suka kwana a daji ko suka sauka gidajen 'yan'uwa. Da yawa daga cikinsu suna cewa tsoro ya ƙafar musu da nono. Abin da yake faruwa shi ne firgici ya danne fitowarsa, amma jiki bai daina haɗa shi ba. Maganinsa a samar mata wurin da hankalinta zai kwanta, a ba ta abinci da ruwa, ta kwanta da ɗanta fata da fata, ta riƙa sa shi a nono a kai a kai, musamman da dare. Ko wadda ta yi kwanaki ba ta shayar ba, nono yakan dawo ta wannan hanya in an daure. Saboda haka ina kira ga 'yan agajinmu da masu hali: wanda ya tausaya wa irin wannan mata, ya saya mata gero da wake da ƙuli-ƙuli. Gwangwanin madara zai ƙare cikin 'yan kwanaki, kafin nan nononta ya tafi, ga ruwan da za a dama madarar ba mai tsabta ba. Sayyidina Umar (RA), kamar yadda Ibnu Sa'ad ya kawo a cikin Ɗabaƙat, ya ji kukan wani yaro cikin dare, ya bincika ya tarar uwar tana gaggawar yaye shi ne domin baitulmali ba ya yanka wa yaro kaso sai an yaye shi. Da gari ya waye sai ya canza dokar, ya sa a yanka wa kowane jariri tun daga haihuwa. Taimakon da yake sa uwa ta saki nono, Umar ya gane kuskure ne tun a wancan zamani.

Ku kuma maza, mace ba za ta zauna da jariri a ƙirji ba idan ita ce mai ɗebo ruwa da itace da surfe da girkin mutum goma sha biyar kwana bakwai da haihuwa. Nan ne ake miƙa jariri ga 'yar shekara bakwai ta goya shi ta fita talla, ya yini a bayan da babu nono. Kuɗin da za a kashe a raguna biyu da ɗinkin suna, a rage a samo mata mai taya ta aiki.

Saura tambayoyi biyu da 'yan'uwa mata suka aiko a rubuce. Ta farko a kan hijabi ce. Babban hijabi ni'ima ne ga mai shayarwa, domin tana iya ba ɗanta nono a mota ko a asibiti ko a makarantar Islamiyya ba wanda ya ga jikinta, saboda haka babu dalilin barin yaro yana kuka don ana cikin mutane. Sai dai a kula, kada a rufe goyo ruf da hijabi mai kauri a cikin rana. A bar masa hanyar iska, a riƙa duba fuskarsa, kada haɓarsa ta danne a ƙirjinsa, a tallafi wuyan wanda bai iya riƙe kai ba, kuma kada a sunkuya da shi a kan murhu hayaƙi yana shigar masa.

Ta biyu tana cewa, kullum zanenta da fitsarin yaro, yaya za ta yi da salla? Malamanmu na Malikiyya sun yi rangwame a nan. A cikin Mukhtasar na Shaihu Khalil an lissafa tufafin mai shayarwa cikin abubuwan da aka yi afuwa a kansu, matuƙar tana iya ƙoƙarinta wajen kauce wa najasar, kuma an so ta keɓe wani zane na salla in tana da hali. Idan kuma ya yi kuka tana cikin salla, ta ɗauke shi, sallarta ba ta ɓaci ba, hadisin Umamatu da ya gabata shi ne hujja. Limamai kuma su tuna Manzon Allah (SAW) yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita domin kada ya ƙuntata wa uwarsa. Sauran tambayoyin da suka shafi azumin mai shayarwa za mu ɗauke su a zama mai zuwa in Allah Ya kai mu, domin na ga ladan ya miƙe.